Honda S2000: yadda aka ƙera ta, abin da ke ɗaga kuɗinta, da inda take lalacewa

Wanda ya saba da Honda a Kano ko Maraɗi ya san ta ne da Accord da Civic da CR-V: inji a gicciye, tayoyin gaba ke jan mota, kujera biyar, ga juriya. S2000 ba ta gaji komai a cikin waɗannan ba sai juriyar. Kujera biyu ce tal, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa, injinta a miƙe yake, tayoyin baya ke turawa, kuma tun daga 1999 da aka fara sayar da ita har 2009 da aka daina ƙerawa, ba a taɓa fitar da ko guda ɗaya mai giyar otomatik ba. Tarihinta da darajarta da cututtukanta duk a rataye suke a jikin lamba ɗaya, 9,000, wato yawan juyin da injinta na farko yake yi a minti guda kafin kwamfuta ta datse masa mai.

Sunan ma gado ne. Cikin motocin farko da Honda ta ƙera a shekarun 1960 akwai ƙananan motocin wasa masu buɗaɗɗen rufi: S500 a 1963, S600 a 1964, sai S800 da aka rufe layinta a 1970. Lambar kowace tana nuna girman injinta. Kamfanin babura ne ya shigo harkar mota, shi ya sa S600 take kai ƙarshen ƙarfinta a juyi 8,500, kuma sarƙa ce ke kai ƙarfin ga tayoyin baya. Daga 1970 Honda ta bar wannan fasali na inji a gaba ja a baya kusan shekara 30. Abin da ya dawo da ita kasuwa ce. Mazda ta fito da MX-5 a 1989 ta nuna cewa har yanzu akwai masu sayen ƙaramar mota mai kujera biyu, Jamusawa suka biyo baya da BMW Z3 da Mercedes SLK da Porsche Boxster tsakanin 1995 da 1996. A bajekolin motoci na Tokyo na 1995 Honda ta nuna samfurin da ta kira SSM, mai inji lita 2 silinda biyar. Silinda biyar ɗin bai kai ga masana'anta ba, amma dogon hanci da kujerun da aka tura can baya kusa da tayoyi sun tsira. An damƙa aikin a hannun Shigeru Uehara, injiniyan da ya jagoranci ƙera NSX, babbar motar wasa ta Honda, aka kuma ɗaura motar a kan bikin cikar kamfanin shekara 50, tunda a 1948 aka kafa shi. An fara sayar da ita a Japan a watan Afrilun 1999, ana haɗa ta a masana'antar Takanezawa da ke Tochigi inda ake haɗa NSX, kafin a mayar da aikin Suzuka a 2004.

Injin, F20C, shi ne dalilin motar. Silinda huɗu ne, 1,997 cc, faɗin silinda milimita 87, tafiyar fistin milimita 84, babu tobo, babu komai da ke cusa masa iska. A Japan yana ba da ƙarfin doki 250 a juyi 8,300 da matsin silinda 11.7, a Amurka da Turai kuma 240 da matsi 11.0. Boxster ta farko, mai silinda shida da lita 2.5, tana da 204 ne. Wannan ƙarfi na sama da doki 120 a kowace lita ya riƙe kambu a tsakanin injunan da ba su da tobo kusan shekara 10, sai da Ferrari 458 ta zo sannan aka karɓe shi.

Yadda aka yi inji ya jure haka shi ne abin da mai saye ya fi buƙatar fahimta. A juyi 9,000, matsakaicin gudun fistin ya ɗan haura mita 25 a daƙiƙa, gudun da a lokacin sai a injin tsere ake ganinsa. Don haka fistin ɗin na alminiyon da aka ƙera da duka ne, ba na zubi ba. Bangon silinda ba hannun rigar baƙin ƙarfe ba ne irin na sauran injuna; wani haɗi ne na alminiyo da zaruruwa da ake kira FRM, mai sauƙin nauyi da saurin fitar da zafi. An sa sarƙar taimin maimakon bel. Hannayen da ke danna bawul suna da 'yan tayoyi don rage gogayya. Akwai kuma bututun da ke fesa baƙin mai a ƙarƙashin kowane fistin don sanyaya shi. Sai VTEC, tsarin Honda na sauya buɗewar bawul, wanda a nan yake komawa kan babban ƙusumbin kamshaf a wajen juyi 6,000, bawul su ƙara buɗewa, murya ta canza, mota ta zabura.

Farashin wannan duka shi ne rashin ƙarfi a ƙasa. Ƙarfin murɗawa Nm 208 ne kawai, shi ma sai a juyi 7,500. A cunkoson gari, a juyi 3,000, Accord mai silinda shida za ta bar ta a danja. Masu gwada motoci sun yi ta ƙorafi a kan haka tun 1999, kuma gaskiyarsu ne, sai dai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. An yi motar ne don wanda zai riƙa wasa da giya, kuma giyar mai hawa shida, gajeriya, mai shiga ƙwas, har yau da wuya a sami wadda ta fi ta daɗin hannu.

Bodin ma an yi masa tunani. Motar da ba ta da rufin ƙarfe tana murɗewa a kwana, sai Honda ta ɗaga ramin tsakiya da farfela ke bi ta mayar da shi ƙashin baya, ta haɗa shi da ƙarafan gaba da na baya a tsayi ɗaya cikin siffar X. An tura injin gaba ɗaya bayan layin tayoyin gaba, nauyi ya rabu rabi da rabi, motar duka wajen kilo 1,250. Sitiyarin na lantarki ne, agogon gaban direba na lambobi ne masu haske, ana tayar da inji da danna wani jan maɓalli, rufin kuma yana naɗewa cikin kimanin daƙiƙa 6. Amma ƙafafun baya na motocin farko suna sauya kusurwar taya idan mota ta kwanta a kwana. Direban da ya tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur a tsakiyar kwana, musamman a jiƙaƙƙiyar kwalta, sai ya ga bayan mota ya riga gaba. Babu na'urar da ke kama ta sai a 2006. Da yawa daga cikin motocin 1999 zuwa 2003 a jikin shingen titi suka ƙare, kuma wannan na cikin abin da ya sa lafiyayyu suka yi ƙaranci.

Masu harkar suna raba motar gida biyu: AP1, wato ta farko, da AP2, wadda ta biyo bayanta. A cikin AP1 ɗin ma akwai bambanci: na 2000 da 2001 tagar baya ta roba ce mai dushewa da tsagewa, daga 2002 aka koma gilashi. A 2004 aka yi babban gyara. Rim ya tashi daga inci 16 zuwa 17, an sake lissafin ƙafafun baya don mota ta daina juyewa ba shiri, an sauya bamba da fitilu, an ƙarfafa cikin giya. Amurka ta sami sabon inji, F22C1, mai 2,157 cc. Faɗin silinda bai canza ba, tafiyar fistin aka ƙara zuwa milimita 90.7. Da an bar jan layi, wato iyakar juyin inji, a 9,000, gudun fistin zai wuce mita 27 a daƙiƙa, don haka aka sauke shi zuwa 8,000. An sami ƙarin ƙarfi a tsakiya, an rasa juyi 1,000 na sama. Japan ta karɓi wannan inji a ƙarshen 2005, Turai kuwa ba ta taɓa karɓarsa ba. A ganina wannan ya sa motar Turai ta 2004 zuwa sama, mai sitiyari a hagu, ita ce haɗin da ya fi kowane: tsohon inji mai 9,000 a cikin gyararrun ƙafafu. A 2006 aka cire wayar totur aka sa na lantarki, aka kuma ƙara na'urar hana sulɓi.

A 2008 Amurka ta sami wani nau'i na musamman mai suna CR, aikin Uehara na ƙarshe kafin ya yi ritaya. An cire rufin tamfol da injinsa gaba ɗaya, aka sa ƙarafan ƙarfafa bodi a gurbinsa, aka ba da rufin alminiyo da ake ɗaukewa da hannu. An cire safayar taya, na'urar sanyi da rediyo sai wanda ya nema, sifirin da shokazoba sun fi tauri, faɗin tayar baya ya kai milimita 255, ga babban fiffike a baya. Launi huɗu kawai: shuɗi, rawaya, baƙi, fari. Ta fito daidai lokacin da tattalin arzikin duniya ya durƙushe, aka ƙera 699 kacal, wasu ma suka daɗe a shagunan dillalai. Japan ta sami tata mai kama da ita, Type S, wadda ta riƙe rufin tamfol, Birtaniya kuma ta rufe da GT Edition 100, guda 100 farare. A 2009 aka tsaya, bayan an ƙera sama da 110,000, fiye da rabinsu a Amurka aka sayar.

Mota 110,000 ba ƙaranci ba ne, kuma ya kamata a faɗi haka kafin dillali ya cika wa mutum kunne. Sabuwa dala 32,000 ce a Amurka a 2000. Ta yi shekaru tana faɗuwa har ta zama motar samari masu saka mata tobo, su yanke sifirin, su kai ta filin tsere. Abin da ya yi ƙaranci a yau shi ne wadda ba a taɓa ba. Honda ba ta yi mata magajiya ba, dokokin hayaƙi kuma sun rufe ƙofar ƙaramin inji mai irin wannan juyi, sai farashi ya juyo sama. A 2022 an sayar da wata CR ta 2009 mai mil 123 a dala 200,000 a gwanjon intanet na Bring a Trailer. Wannan labari ne na mota ɗaya da aka killace, ba ma'aunin kasuwa ba. Ma'aunin shi ne jerin abin da masu tara motoci ke biya wa kuɗi: CR a sama, musamman wadda aka saya ba na'urar sanyi ba rediyo, sai ƙaramin maleji mai takardun gyara a jere, sai fentin kamfani, sai launi, inda fara mai jan ciki da rawaya da shuɗin Laguna suka fi azurfa da baƙa kasuwa, sai rufin alminiyo na ainihi, wanda shi kaɗai kuɗi ne mai kauri. Salansa da rim da akwatin iska na kamfani sun fi kowane kayan ƙawa daraja, ko da kayan ƙawar sun fi su tsada a shago. Tun 2024 kuma motocin Japan na 1999 suka cika shekara 25 da dokar Amurka ta gindaya kafin a shigo da su, abin da ya ƙara wa masu neman na Japan abokan takara.

To, me ake dubawa? A fara da abin da ido ba ya gani daga waje, wato hulunan da ke riƙe sifirin bawul. Kwamfuta na iya datse mai a jan layi, amma ba ta da iko idan tayoyi ne ke juya inji. Direba yana gudu a giya ta uku, ya nufi ta huɗu, hannu ya kauce ya shiga ta biyu, ya saki kuloci: inji ya haura 10,000 nan take. A AP1 hulunan ɓangaren shigar iska suna tsagewa a irin wannan, kuma motar za ta ci gaba da tafiya lafiya ƙalau wata da watanni kafin bawul ya faɗa cikin silinda ya haɗu da fistin. Dubawar ba ta da wuya. A cire koyil huɗu, a ɗaga murfin saman inji, a haska tocila a kan bawul takwas na shigar iska. Idan kan wani bawul da 'yan makullansa sun nutse a cikin hula fiye da na maƙwabtansa, ta tsage. Magani shi ne a sauya takwas ɗin duka da na AP2, waɗanda suka fi kauri, tare da makullansu, domin hular AP2 ba ta zama daidai da makullin AP1. Mai mota da ya ƙi a ɗaga murfin nan ya riga ya ba ka amsa.

Tunda murfi a buɗe yake, a auna tazarar bawul, inji a sanyaye: milimita 0.21 zuwa 0.25 a shigar iska, 0.25 zuwa 0.29 a fitar hayaƙi. Motocin 2006 zuwa sama an san su da matsewar bawul ɗin hayaƙi. Bawul da ya matse ba ya zama sosai a mazauninsa, ba ya sauke zafinsa, sai ya ƙone, kuma ba ya yin ƙara balle ya yi gargaɗi. Daga nan a gwada matsin silinda huɗun. Abin lura shi ne su yi kusa da juna, kuma a sa ido a kan ta huɗu. Injunan farko, kafin tsakiyar 2002, notin bututun fesa mai nasu huda biyu gare shi maimakon huɗu da aka koma daga baya, kuma an sha samun silinda ta huɗu ta karce a motocin da aka daɗe ana gudu da su a babban juyi. A nan FRM yake nuna ɗaya fuskarsa. Ba bulok ba ne da za a kai wa mai injin gyaran silinda na unguwa ya faɗaɗa shi yadda ake yi wa tsohuwar Peugeot. Yana buƙatar duwatsun gogewa na musamman da fistin da ya dace da shi, kuma idan karcen ya yi zurfi sai dai a dasa sabon hannun riga ko a nemi wani bulok.

Shan baƙin mai ɗabi'ar F20C ce. Wasu suna shan kusan lita guda a kilomita 1,600 idan ana kai su sama, ba tare da wata cuta ba. Abin da ke kashe su shi ne mai motar da bai duba sanda ba. Ka'ida ita ce a duba duk lokacin da aka sha fetur. Inji yana ɗaukar lita 4.8 na 10W-30 idan an sauya da matata. Matatar ma tata ce ta musamman, mai lamba 15400-PCX-004, kuma da sifana ake ɗaure ta yadda aka rubuta a jikinta, ba da hannu ba. Girgizar babban juyi tana kwance wadda aka ɗaure sako-sako, mai ya fesu a kan bututun hayaƙi, kuma an yi asarar motoci da gobara ta wannan hanya. Idan kuma ka ji ƙara daga gaban inji kamar ana kaɗa kati a jikin sifokin keke, tenshinan sarƙar taimin ne ya gaji. Daga waje ake kwance shi, aikin ƙasa da awa guda ne, amma ba a barinsa.

Sauran ƙananan ne, sai dai suna taruwa. Ƙarar ƙas-ƙas daga tayar baya idan an tashi ko an ja baya, notin aksul ne bai ɗauru ba. Honda ta ɗaga ƙarfin ɗaurinsa daga Nm 245 zuwa 300, kuma idan aka bari sai boris da mazauninsa su tafi. Girgiza idan an taka totur, wadda ke ɓacewa idan an ɗaga ƙafa, kofunan ciki na sandunan aksul ne suka rarake, kuma sau da yawa musanya na hagu da na dama yana kashe ta. A leƙa saman fedar kuloci a ga ko mai na tsiyaya. Giyar baya tana shan ƙasa da lita guda na mai lamba 90, kuma ba ta son a riƙa fizgar mota daga tsaye. Tamfol yana yagewa a bayan kafaɗar direba inda ƙarfen rufi ke gogarsa. Motar da ta zauna a ƙasar da ake zuba gishiri a titi lokacin sanyi kuwa, notunan saita taya suna manne wa bushin, a kasa yin alaimen sai an yanke su da zarto.

Taya tana da nata tarko a AP1. Tayar Bridgestone S-02 da aka ƙera wa motar an rubuta 225 a ta baya, amma faɗinta na zahiri ya kusa 245. Wanda ya sa 225 na gama-gari ya rage wa baya riƙo a motar da dama bayanta ne matsalarta. Shi ya sa masu ita suke sa 245/45 a rim 16.

Tarihin hatsari shi ne ya fi shafar mai saye daga Afirka ta Yamma, tunda yawancin motocin Amurka da ke isowa Kwatano da Legas daga gwanjon kamfanonin inshora suke fitowa. Motocin Amurka suna da 'yan takardu 10 masu ɗauke da lambar bodi a manne a bonet, but, ƙofofi, bamba da gefuna. Wurin da babu takarda, ko aka ga wata mai alamar kayan canji, an sauya wannan ɓangaren. Sauya bamba ba abin tashin hankali ba ne. Lanƙwasar ƙarafan gaba ko na ƙarƙashin baya ita ce, domin motar da aka miƙe ƙashinta ba ta komawa daidai, kuma a kwana ake gane haka. A tabbata kujerun na ainihi ne, domin ɓarayi a Amurka sun yi shekaru suna yanka tamfol suna kwashe su.

Sai abin da ya shafi ƙasa. Najeriya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba, don haka na Japan da na Birtaniya sun fita daga lissafi, kuma juya sitiyari yana rushe darajar da aka saya motar dominta. Akwai dokar kwastam a kan shekarun motar da za a shigo da ita, ga shi mafi ƙuruciyar S2000 ta haura shekara 15, saboda haka a san matsayin doka kafin a tura ko sisi. Injin mai matsi 11 yana son fetur mai babbar lamba, alhali gidajen mai a nan iri ɗaya suke sayarwa. Na'urar jin ƙwanƙwasa za ta ja taimin baya ta kare inji, amma ƙarfin da aka biya kuɗi dominsa zai ragu, musamman a zafin Afrilu. Tsakanin cikinta da ƙasa santimita 13 ne, kwancen ɗan sanda na unguwa sai a karkace. Kayan Accord da Civic da suka cika Ƙofar Ruwa da Panteka kaɗan ne ke shiga jikinta, kusan komai na inji da giya da ƙafafu sai an yi oda, wasu kayan cikin ma Honda ta daina ƙera su. Rana kuma tana cin tamfol da fatar kujera cikin 'yan shekaru, don haka kuɗin rumfa ko gareji mai rufi yana cikin kuɗin motar tun ranar farko.